Takardar Shaida da Gwaninta: Matsayin Masu Kula da Na'urorin Kwamfuta a Ƙasar Daura, Tare da Misali Daga Kongolam

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu dubi wata sana'a wadda ba a cika ambatonta ba in ana zancen ilimin kwamfuta a kwalejojinmu. Yawancin ɗalibanmu, da ma iyayensu, sun ɗauka cewa mai ilimin kwamfuta ɗayan biyu ne: ko dai mai buga takardu a shago, ko kuwa mai ƙirƙirar manhaja. Amma akwai na uku, wanda in babu shi aikin waɗancan biyun ba ya tafiya, watau mutumin da aka ɗora wa nauyin tabbatar da cewa na'urorin ma'aikata suna aiki dare da rana, wayoyin sadarwa suna haɗe, bayanai ba su salwanta ba, kuma in abu ya lalace an tashe shi da wuri. Shi ne muke kira mai kula da na'ura. Za mu bincika takardun shaidar da ake nema a wannan sana'a, da abin da kowace take shaidawa, da kuma yadda sabon salon aikin nan na sarrafa-kai yake sauya hanyar da matashi zai bi ya ci gaba a cikinta.

Mun zaɓi mu ɗora zancenmu a kan Kongolam, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, cikin Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, a kan hanyar da ta tashi daga Daura ta nufi Matamaye da Damagaram. Dalili kuwa shi ne, bakin iyaka wuri ne da ake ganin amfanin mai kula da na'ura a fili. Babbar mota ɗauke da kaya ba ta wucewa sai an shigar da bayaninta, matafiyi ba ya wucewa sai an duba takardunsa, mai canji da mai POS ba sa ciniki sai da sabis. Ran da na'ura ta tsaya, layi ne zai miƙe, kuma kowa ya san abin da kwana ɗaya a rana yake yi wa albasa ko tumatir.

Yadda na'ura ta iso bakin iyaka

Tun farkon shekarun 1980 ne wata hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ciniki, watau UNCTAD, ta ƙirƙiro manhajar ASYCUDA domin rubuta bayanan kwastan, bisa roƙon ƙasashen Yammacin Afirka. Ƙasashe masu amfani da Faransanci, har da Nijar, suna kiranta SYDONIA. Hukumar Kwastan ta Nijeriya ta yi shekaru tana aiki da ita, sa'an nan ta koma ga tsarin NICIS, daga baya kuma, a shekarar 2024, ta fara gwada wani tsari nata mai suna B'Odogwu a wata tashar jiragen ruwa ta Legas. Ita ma Hukumar Shige da Fice, tare da taimakon Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, ta girka tsarin MIDAS na ɗaukar hoton yatsa da fuskar matafiya a filayen jiragen sama da wasu iyakokin ƙasa.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan tsare-tsare zuciyarsu tana nesa. Manyan na'urorin da ke riƙe da bayanan, waɗanda ake kira saba, suna Abuja ne ko Legas ko ma wajen ƙasa. Abin da ke wuri irin Kongolam shi ne reshe: 'yan kwamfutoci, da na'urar rarraba sadarwa, da faifan sola, da batura, da janareta. Haka abin yake a cikin garin Daura, ko a cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ko a ofisoshin rajistar katin ɗan ƙasa, ko a bankuna da asibitoci. Ga kuma sababbin manyan makarantu, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, dukkansu a Daura, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 kuma aka tsara zai ratsa ta Daura. Jirgin ƙasa na zamani ba ya tafiya sai da siginar da kwamfuta ke sarrafawa. Saboda haka ba rashin na'ura ne matsalar wannan yanki ba. Tambayar ita ce, wa zai riƙa kula da su, ɗan gida ko kuwa wanda za a jira ya zo daga Kano?

Ma'anar sarrafa-kai

A da, mai kula da na'ura yakan zauna gaban kowace kwamfuta ya girka mata manhaja, ya saita ta da hannu, ya tashi ya koma ta gaba. In kwamfutocin 250 ne, kamar yadda ake bukata a cibiyar jarrabawa guda, to aikin kwanaki ne, kuma da wuya ya gama bai yi mantuwa a kan wasu ba. Sarrafa-kai shi ne mutum ya rubuta yadda yake so kowace na'ura ta kasance a cikin jerin umarni guda, sa'an nan wata manhaja ta bi na'urorin duka ta daidaita su a kan wannan rubutu. Manhajar Ansible, wadda ta fito a 2012, kamfanin Red Hat kuma ya saye ta a 2015, ita ce ta fi sauƙin fahimta a cikin irin waɗannan. Akwai kuma Terraform da Kubernetes, dukkansu na shekarar 2014. Wanda ya san kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa zai gane bambancin nan da nan: kiwon rago ɗaya a turke daban, kora garke daban.

Sai dai wannan ƙarfi yana tafe da haɗarinsa. Umarnin da ke gyara na'ura dubu a cikin minti ɗaya, shi ne kuma ke iya kashe dubu a cikin minti ɗaya. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika wa abokan cinikinsa wani ɗan gyara mai kuskure, wanda ya shiga na'urorinsu da kansa. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka tsaya. Jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka koma takarda da biro. Abin da ya fi jan hankalinmu a wannan lamari shi ne yadda aka warware shi. Da yawa daga cikin na'urorin sai da mutum ya je gabansu ɗaya bayan ɗaya ya tashe su da hannu. Ashe sarrafa-kai bai kori mai kula da na'ura ba. Ya dai ɗaga matsayin abin da ake bukata ya sani.

Takardun shaida da abin da suke shaidawa

Takardar da muka fi sani ita ce ta makaranta: NCE, ko difloma, ko digiri. Ita ce gwamnati ke dubawa wajen ɗaukar ma'aikaci da ajiye shi a matakin albashi, kuma ba ta tsufa. Kusa da ita akwai rajistar hukuma. Dokar soja mai lamba 49 ta 1993 ta kafa Majalisar Rajistar Ƙwararrun Kwamfuta, watau CPN, kamar yadda doka mai lamba 31 ta wannan shekarar ta kafa Majalisar Rajistar Malamai wadda mu muka fi sabawa da ita. Waɗannan suna shaida cewa mutum ya bi ta hanyar da hukuma ta yarda da ita. Ba sa shaida cewa zai iya tashin sabar da ta mutu da tsakar dare.

Wannan giɓin ne takardun kamfanoni da na ƙungiyoyin sana'a suka zo cikewa. Ƙungiyar CompTIA ta Amurka ta fito da jarrabawar A+ a 1993, domin masu gyaran kwamfuta, daga baya ta ƙara Network+ ta sadarwa da Security+ ta tsaro. Kamfanin Cisco, mai ƙera na'urorin sadarwa, ya fito da CCNA a 1998, ita ce kuma matasanmu suka fi jin sunanta. Kamfanin Red Hat yana da RHCSA da RHCE a kan tsarin Linux. Amazon da Microsoft da Google kowanne yana da nasa a kan hayar na'urori ta intanet, abin da ake kira aikin gajimare. Daga Ingila kuma aka samu ITIL, wadda ba ta shafi taɓa na'ura ba, sai tsarin aikin ofis: yadda ake karɓar koke, da yadda ake neman izini kafin a sauya wani abu, da yadda ake rubuta abin da ya faru bayan an samu matsala.

A ganinmu, kuskure ne a jera waɗannan takardu bisa sunan kamfani ko tsadarsu. Abin da ya kamata a tambaya shi ne yadda ake jarrabawar. Wasunsu yawancin tambayoyinsu na zaɓin amsa ne, kuma duk malamin da ya taɓa sa ido a ɗakin jarrabawa ya san rauninsu. Akwai masu tattara tsofaffin tambayoyi suna sayarwa a intanet, ɗalibi ya haddace su cikin mako uku, ya ci, ya fito da takarda alhali bai taɓa murɗa kan waya ba. Wasu kuwa, kamar na Red Hat da CKA ta Kubernetes wadda aka fara a 2017, ba sa tambayar ɗalibi ko ya sani. Na'ura ake ba shi, a ce ga ayyuka, ga lokaci. In lokaci ya cika a duba ko na'urar tana yin abin da aka ce. A nan hadda ba ta da amfani. Bahaushe ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma irin wannan jarrabawa ce kaɗai muke ganin ta cancanci a kira ta shaidar gwaninta.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu mutum ya karɓi shaida daga hannun wanda ya fi shi sani. Malamanmu na zaure sun daɗe suna ba da ijaza, watau izinin da malami ke bai wa almajirinsa na karantar da wani littafi takamaimai bayan ya gamsu da shi, tare da jerin malaman da shi ma ya karɓa daga gare su. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo har littafi ya rubuta, Ida'un Nusukh, domin ambaton malaman da ya yi karatu a wurinsu. Haka maƙeri ko maɗinki ba ya sallamar yaronsa sai ya ga aikin hannunsa. Takardar kamfani ta yi kama da ijaza ta fuskar cewa a kan abu ɗaya takamaimai take. Amma sun rabu a wuri mai muhimmanci. Littafin da aka ba da ijaza a kansa ba ya sauyawa, saboda haka ijazar tana nan har mutuwa. Ita kuwa manhaja kullum cikin sauyi take, don haka takardarta tana da wa'adi. Ta Cisco da ta CompTIA da ta Amazon shekara uku ce. CKA an rage ta daga shekara uku zuwa biyu a watan Afrilu na 2024. Na Microsoft kowace shekara ake sabunta su. Wani lokaci ma kamfani yakan soke takardar ɗungurungum, kamar yadda Microsoft ya yi wa MCSE a watan Janairu na 2021, bayan mutane sun shafe shekaru suna tinƙaho da ita. Ya kamata mu gaya wa ɗalibanmu wannan tun da wuri: wanda ya shiga wannan sana'a ya shiga karatun da ba shi da sauka.

Sa'an nan a duba yadda sarrafa-kai ya kutsa cikin jarrabawowin da kansu. Tun 2019 jarrabawar RHCE ta koma kan Ansible kacokan. A 2020 Cisco ya sake fasalin CCNA, ya ware kashi goma cikin ɗari na makinta ga sarrafa-kai. Kamfanonin sun riga sun nuna inda suka dosa.

Cikas

Babban cikas shi ne kuɗi, domin da dala ake biyan waɗannan jarrabawowi. A 2024 kuɗin zama CCNA dala 300 ne. A wannan shekarar, bayan an saki naira a watan Yuni na 2023, dala ɗaya ta haura naira 1,500. Ke nan zama ɗaya ya kai naira 450,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Albashin wata shida da ɗoriya a kan jarrabawar da in an faɗi sai an sake biya. Ga ɗan manomi daga Kongolam ko Zango ko Sandamu, wannan batu ne na sayar da bijimi, kuma bai kamata malami ya tura shi ga irin wannan kasada ba sai ya tabbata ya shirya.

An ce ana iya zama jarrabawar daga gida, mai sa ido yana kallon ɗalibi ta kyamara. Gaskiya ne, amma da sharaɗin kada wuta ko sabis su yanke har a gama. Waɗanda suka ga yadda yawancin jihohin Arewa suka kwana da yawa cikin duhu a watan Oktoba na 2024, ko yadda intanet ya raunana a faɗin Yammacin Afirka ranar 14 ga Maris na wannan shekarar sa'ad da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke, sun san nauyin wannan sharaɗi. Galibi sai dai a yi tattaki zuwa cibiyar jarrabawa a babban birni, da kuɗin mota da na masauki.

Akwai kuma wani cikas da ba a faye faɗa ba. Littattafan da aka rubuta domin waɗannan jarrabawowi sun ɗauka cewa wuta tana nan, ɗaki yana da sanyi, ƙura ba ta shiga. Babu babin da ke koyar da abin da hazon hunturu ke yi wa fankar saba, ko yadda zafin bazara ke rage kwanan batir, ko yadda ake raba wutar sola tsakanin na'urori in rana ta yi sanyi. A ƙasar Daura kuwa, waɗannan su ne rabin aikin. Matashin da ya iya inbata da batir da ɗaurin waya zuwa ƙasa domin tsawa, ya fi amfani ga ofishin bakin iyaka a kan wanda ya haddace sunayen hidimomin gajimare hamsin.

Matakalar ci gaba

Bisa al'ada, mai wannan sana'a yakan fara daga ƙasa: amsa kiran wanda na'urarsa ta ƙi tashi, sauya kalmar sirri, girka manhaja, jan waya. Daga nan ya zama mai kula da sadarwa ko saba, sa'an nan mai tsara yadda za a gina tsarin gaba ɗaya, ko shugaban sashe. A waɗannan ƙananan ayyuka ne yake koyon halin na'ura, kamar yadda yaron maƙeri ke farawa da zuga-zugi. To, su ne ayyukan da sarrafa-kai ya fara cinyewa. Injiniya ɗaya a Abuja yana iya girka manhaja a kan kwamfutocin rassa ɗari ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba. Abin da ke saura a reshe shi ne aikin da sai da hannu, kamar sauya batir ko kashewa da kunnawa, kuma wanda ya tsaya a nan zai shekara goma bai ƙaru da kome ba. Matakalar tana nan, amma an zare 'yan sandunan tsakiya.

Wannan shi ne ainihin abin da ke damunmu. In ba a yi hattara ba, yankuna irin namu za su zama masu samar da 'yan aike kawai, ilimin kuwa ya taru a birane biyu ko uku. Wanda kuma ya yi ƙoƙari ya sami babbar takarda, ita ce za ta zama tikitinsa na barin gida. Ba mu ga laifinsa ba. Amma sarrafa-kai yana da wata fuska: in ana iya kula da na'urar Kongolam daga Abuja, to ana iya kula da ta Abuja daga Daura, muddin akwai wuta da sabis da gwaninta. Ɗan bakin iyaka ma yana da wata riba da ba kowa ke da ita ba. Da Hausa da Ingilishi da ɗan Faransanci, zai iya aiki da tsare-tsaren ɓangarorin biyu, ko da yake rufe iyaka da aka yi a 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar daga 2023 zuwa Maris na 2024, sun nuna cewa ba a gina rayuwa a kan cinikin iyaka shi kaɗai.

Saboda haka jerin da muke ba da shawara shi ne a fara da abin da ba ya tsufa da wuri: wutar lantarki, da ƙa'idojin sadarwa, da Linux, da rubuta ɗan gajeren umarni. Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi su gane juna a yau ita ce dai wadda aka koma kanta tun 1983, Linux kuma yana nan tun 1991. Bayan wannan sai aikin hannu na aƙalla shekara guda. Sa'an nan ne za a sayi takarda, guda ɗaya, wadda ta dace da aikin da mutum yake yi ko yake hange. Tara takardu biyar kafin a taɓa aiki asarar kuɗi ce, domin wa'adinsu zai cika kafin a more su.

Nauyin da ke kan kwalejoji

An fara motsi daga sama. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna, watau NBTE, ta raba babbar diflomar kwamfuta gida huɗu a farkon 2024, ɗaya daga ciki kuwa sadarwa ce da aikin gajimare. Ita ce kuma ke jagorantar tsarin shaidar sana'o'i na ƙasa, wanda ke auna mutum da aikin hannunsa, har ya ba da dama a amince da abin da ya koya a wajen makaranta. Wannan ƙofa ce ga ɗimbin masu gyaran waya da masu haɗa sola a kasuwanninmu, waɗanda ke da gwaninta ba su da takarda, kuma da naira ake biya. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku.

Mu a kwalejojin ilimi muna da dalili na musamman. Malamin kwamfutar da muka yaye, in aka tura shi makarantar sakandare ta ƙauye, shi ne zai zama mai kula da na'urorin makarantar ko ya so ko bai so ba, domin babu wani. Da yawa cikinmu mun ga ɗakunan kwamfuta a kulle, an lulluɓe na'urorin da leda, ba don sun mutu ba sai don wata 'yar matsala da babu wanda ya san kanta. Manhajar karatunmu ta fi ba da ƙarfi ga tarihin kwamfuta da sunayen sassanta, waɗanda ake iya rubutawa a allo a kuma yi jarrabawarsu a takarda.

Gyaran bai kai tsadar da ake zato ba. Linux da Ansible kyauta ne. Cisco yana ba da manhajar Packet Tracer kyauta ga masu koyo, wadda ke kwaikwayon na'urorin sadarwa a cikin kwamfuta guda. Tsofaffin kwamfutoci goma da aka jingine a sito sun isa a kafa ɗakin gwaji, inda za a bar ɗalibi ya ɓata ya gyara ba tare da tsoron a ce ya biya ba. Jarrabawar ƙarshen zango kuma a yi ta irin ta Red Hat: malami ya lalata wani abu a ɓoye, ya ba ɗalibi awa biyu ya gano ya gyara, sa'an nan ya rubuta a shafi ɗaya abin da ya tarar da abin da ya yi. Lokacin koyon aiki a waje, maimakon a bar ɗalibai su tare a shagunan buga takardu, kwaleji ta nema musu gurbi a cibiyoyin jarrabawa da asibitoci da wurin masu kula da turakun sadarwa. In kuma akwai ɗan tallafi daga kwaleji ko ƙaramar hukuma ko wani mai hali, a ajiye shi domin biyan kuɗin jarrabawar waje ga ɗalibai biyu ko uku da suka fi nuna gwaninta a ɗakin gwajin, da sharaɗin su dawo su koyar da 'yan bayansu na shekara guda kafin su tafi.